Saƙo Ba Sabis, Ba Data: Fashin Baƙi Kan Rediyon Sha'awa da Ragar Saƙonni

Shin da gaske mutum zai iya tura wa wani saƙo daga nesa alhali babu sabis, babu data, babu ma layi a wayarsa? Tambayar ta ƙara zafi tun ranar 28 ga Afrilun 2025, da wutar lantarki ta ɗauke da rana tsaka a kusan dukkan Sifaniya da Fotugal. Kafin dare batiran da ke riƙe da ƙarafunan sabis sun yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, jama'a suka tsinci kansu riƙe da wayoyi masu caji amma babu wanda za su iya kira. Yanzu duk wanda ke leƙa intanet zai ci karo da bidiyon wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba, da eriyarta tsaye, ana cewa da ita ka rabu da kamfanin waya har abada.

E, ana iya tura saƙon. Sai dai masu irin wannan talla sukan cakuɗa abubuwa uku mabambanta su sayar da su a matsayin abu ɗaya, kuma sukan ɓoye babban sharaɗin: na'urar da ta raba ka da kamfani ta jingina ka ne da wasu mutane, da tudu, da kuma dokar ƙasar da kake.

Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Na farko shi ne oba-oba irin wadda a ƙasashe da dama ba ta buƙatar lasisi. A Turai akwai PMR446, wadda ƙarfinta bai wuce rabin wat ba. A Amurka akwai CB mai tashoshi 40 a kan megahaz 27, wadda direbobin manyan motoci suka yi wa farin jini a shekarun 1970. Ka saya, ka kunna, ka yi magana, amma ba ta zuwa da nisa.

Na biyu shi ne rediyon sha'awa, wanda aka fi sani da ham. Wannan sai an ci jarrabawa an karɓi lasisi, sannan a ba mutum mitoci masu yawa da ƙarfin da zai iya kai muryarsa wata nahiya.

Na uku shi ne sabon shiga, ragar saƙonni: ƙananan na'urori masu miƙa wa juna rubutaccen saƙo hannu da hannu har ya isa. A nan ne ake jin sunaye irin su LoRa da Meshtastic da MeshCore.

Su wane ne masu rediyon sha'awa?

Sun girmi gidajen rediyon da muke saurare. Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912, Amurka ta yi dokar da ta kore su daga dogayen zanguna ta tura su ƙasa da mita 200, inda masana lokacin ke ganin babu wani abin kirki. Ashe gata aka yi musu. A watan Nuwamban 1923 Léon Deloy a birnin Nice na Faransa da Fred Schnell a jihar Connecticut ta Amurka suka yi musayar saƙo ta kan tekun Atlantika a kusan mita 100. Gajeren zangon da daga baya manyan gidajen rediyon duniya suka rungume shi, 'yan sha'awa na cikin waɗanda suka fara nuna amfaninsa. A 1925 suka kafa ƙungiyarsu ta duniya, IARU, a Faris, kuma Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, da ke Janiba ta ware musu nasu mitocin a cikin dokokinta.

Kowane mai lasisi yana da lambar kira da babu mai irinta a duniya, kuma farkonta na nuna ƙasarsa: DL Jamus, JA Japan, 5N Najeriya, 5U Nijar, K ko N ko W Amurka. Marigayi Sarki Husaini na Jodan JY1 ne, kuma ya sha hira da talakawan wasu ƙasashe ta rediyonsa. A da sai mutum ya iya saƙon Morse na ɗigo da ja kafin a bar shi ya hau gajeren zango, amma taron ITU na 2003 ya sauke wannan tilascin, ƙasashe suka yi ta soke shi.

Lasisin na zuwa da ƙa'idojin da masu ɗaukar abin a matsayin wayar kyauta ba sa son ji. Ba a yin kasuwanci da shi. Ba a watsa shiri ko kiɗa ga jama'a. Dole mutum ya riƙa faɗin lambar kiransa. Sannan haramun ne a kulle magana don kada wasu su fahimta. Duk abin da ka faɗa, wanda ya murɗo mitar zai ji.

To me suke nema? Wani burinsa ya tara ƙasashe, ya yi magana da 100 ko fiye, yana adana katin shaida na kowace. Wani ƙera eriya ne ke burge shi. Wani yana jiran tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ta gifta ya ji 'yan sama jannati a kan megahaz 145.800. Yawancin hirar kuma gajera ce: lambar kira, suna, gari, rahoton ƙarfin sigina, sai 73, wato sallama da fatan alheri. Wanda ba ya ciki zai ce wahalar banza ce, mai yi kuwa zai ce ba maganar ce abin nema ba, isar ta ce.

Me ya sa wata murya ke tsallake teku, wata ta kasa tsallake unguwa?

Wanda ya gane wannan sashen ba za a yaudare shi da talla ba. Gajeren zango, daga megahaz 3 zuwa 30, yana tashi sama ya tarar da wani ɓangare na sararin sama da hasken rana ya cika da caji, ya lanƙwaso ya sauko ƙasa dubban kilomitoci daga inda ya taso. Wannan ɓangaren yana sauyawa tsakanin dare da rana, da kuma zagayen rana na kusan shekara 11. Shi ya sa mitar da ta kai ka Barazil da yamma ka iya yin tsit da safe.

Mitocin da ke sama da haka, inda yawancin oba-oba da wayar hannu da LoRa suke, galibi ba sa lanƙwasowa. Miƙewa suke yi kusan kamar yadda ido ke gani, kuma duniya a zagaye take. Mutum biyu a tsaye a fili fetal, kowa da na'ura a hannu, da wuya su wuce kilomita 10 kafin doron ƙasa ya shiga tsakaninsu. A cikin gari mai gine-gine kuwa kilomita 1 ko 2 ma sai an yi sa'a. Amma a ɗaga eriya ɗaya zuwa tsawon mita 100, sai ta hango kusan kilomita 40. Lissafin shi ne, in ka ninka tsawo sau huɗu, nisan ya ninka sau biyu.

Ƙarin wat ba ya gyara wannan sosai. Oba-oba mai wat 5 da ta kasa ketare tudu guda tana iya kaiwa tashar sararin samaniya mai nisan kusan kilomita 400 a sama, don babu abin da ya tare hanya. Saboda haka in ka ga an rubuta wani dogon nisa a jikin kwali, ka tambayi kanka daga kan wane dutse aka gwada. Wannan ne ma dalilin da ƙungiyoyin masu rediyo ke ɗora rifita a kan tsauni ko dogon bene: tana jin ka a wata mita, tana maimaita muryarka nan take a wata.

Yadda ragar saƙonni ke aiki

LoRa dabara ce ta aika sigina da wani ƙaramin kamfani mai suna Cycleo ya ƙirƙira a Grenoble ta Faransa, kamfanin Semtech na Amurka ya saye shi a 2012. Ba don hira aka yi ta ba. An yi ta ne don na'urorin auna ruwan famfo da na auna danshin gona, masu turo 'yan lambobi kaɗan su koma barci, batiri ya daɗe. Siginarta na zamewa ne daga ƙaramar mita zuwa babba a kai a kai, kuma wannan salon na ba mai karɓa damar tsamo saƙo ko da hayaniyar da ke iska ta fi shi ƙarfi har ninki 100. Abin da aka biya don samun wannan shi ne sauri.

Meshtastic manhaja ce ta kyauta da Kevin Hester ya faro, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta ya kuma gyara. Ana ɗora ta a kan 'yar na'urar LoRa, a haɗa na'urar da waya ta Bluetooth. Wayar allo ce kawai da wurin rubutu, ba ta buƙatar layi.

Mu bi saƙo guda. Wata mata a bakin sansani ta rubuta wa mijinta da ya hau bayan tudu: “Ka dawo, hadari ya taso.” Na'urarta ta cilla shi da ƙarfin da bai kai rubu'in wat ba. Na'urori huɗu suka ji. Babu wadda ta yi gaggawar maimaitawa. Kowace ta ɗan dakata, kuma wadda siginar ta zo mata da rauni, wato mafi nisa, ita ke fara maimaitawa. Sauran da suka ji an riga su sai su yi shiru. Wata na'ura mai amfani da hasken rana da wani ya ɗaure a ƙolin tudun ta karɓa ta sake cillawa, ta mijin ta yi ƙara. A kowane mataki ana rage lamba ɗaya daga jikin saƙon. An saba farawa da 3, kuma ba a wuce 7. In lambar ta ƙare, saƙon ya mutu a inda yake.

Ka cire na'urar ƙolin tudun nan, labarin ya ƙare tun a sansani. A nan gizo ke saƙar. Wanda ya sayi na'ura ɗaya a garin da babu mai irinta, ya sayi abin kallo ne. Duk wata raga da ake yabawa a manyan birane, wasu ne suka hau rufi suka kafa na'urori, suna sauya batiri, suna share ƙurar sola da aljihunsu.

Sannan hanyar siririya ce ƙwarai. A saitin da aka fi amfani da shi, saurin bai wuce kusan kilobit 1 a daƙiƙa ba. Saƙo ɗaya haruffa ne kamar 200. Babu kira, babu bidiyo, kuma hoto mai megabait 2 zai ci sama da awa 4 da za a ce a tura shi. A Turai ma doka ta ƙayyade cewa a mitar da ake amfani da ita na'ura ba za ta yi watsi fiye da kashi 10 cikin 100 na lokaci ba, wato minti 6 a awa.

Abin mamakin shi ne, yawan jama'a da ke raya ragar shi ke iya shaƙe ta. Kamar ɗaki ne da aka ce kowa ya maimaita abin da ya ji da ƙarfi: mutum goma za su ji juna, mutum ɗari biyar sai hayaniya. Na'urorin kuma ba saƙon mutane kaɗai suke turawa ba, suna sanar da sunansu, da wurin da suke, da cajin batirinsu. Wannan ne ya sa wasu suka koma MeshCore, wadda a cikinta na'urar aljihu ba ta maimaita saƙon kowa, sai waɗanda aka kafa musamman don haka, kuma da zarar an gano hanya sai saƙo ya riƙa bin ta maimakon ya bazu ko'ina. Magoya bayan Meshtastic na cewa tasu ta fi dacewa da mutanen da ke tafe a daji ba tare da wani shiri ba. A ganina kowanne na da gaskiya a muhallinsa, kuma gardamar ta fi zafi ne a wurin waɗanda ba su taɓa hawa rufi ba.

Maganar sirri

Ana yawan cewa babu mai iya karanta saƙon raga, babu mai iya gano mai shi. Rabin farko gaskiya ne da sharaɗi. Meshtastic na kulle saƙo da tsarin AES-256, amma tashar da kowa ke faɗawa da ya kunna sabuwar na'ura mabuɗinta sananne ne, a buɗe yake ga duniya. Sai ka buɗe taka tashar da naka mabuɗin, ka raba wa mutanenka, kuma in na'urar ɗayanku ta faɗa hannun wani, mabuɗin ya tafi da ita.

Rabi na biyu kuwa ba gaskiya ba ne. Kan saƙon, mai ɗauke da lambar na'urar da ta turo da wadda aka tura wa, ba a kulle yake ba. Da yawa kuma sun bar na'urarsu na shelanta inda suke ba su sani ba. Ko babu wannan, duk abin da ke watsa sigina ana iya bin sawunsa da eriya mai nuna ɓangaren da siginar ke fitowa. Masu rediyon sha'awa har gasa suke yi da hakan: a ɓoye na'ura a daji, a ga wanda zai fara gano ta.

Mai lasisin da ke son ƙara wa na'urarsa ƙarfi a mitocin 'yan sha'awa yana iya yi, amma dole ya kashe kullen ya sa lambar kiransa. Ko ƙarfi ko sirri, ba a ba shi duka biyun.

Rediyo a cikin mota

Mota akwatin ƙarfe ce, oba-oba a cikinta tana shan wahala. Da an fitar da eriya waje komai ya sauya, domin rufin motar na zama rabin eriyar. Shi ya sa tsakiyar rufi ya fi ko'ina, ko da maganaɗisu aka manna ta. A mita 2, wato megahaz 144, sandar da ba ta wuce santimita 50 ba ta wadatar. A mita 40 kuwa lissafin na neman sanda mai tsawon mita 10, abin da babu gadar da za ta bari ya wuce. Sai a gajarta ta da naɗin waya, kuma kaso mai yawa na ƙarfin ya tafi a zafi. Duk da haka akwai masu magana da wata nahiya daga kan titi in yanayin sama ya yi kyau.

Rediyon mota mai wat 50 na jan kusan amfiya 10, na gajeren zango mai wat 100 na jan 20 ko fiye. Soket ɗin cajin waya ba zai ɗauka ba. Ana jan waya mai kauri kai tsaye daga batiri, da fiyus dab da batirin. Sai kuma hayaniyar motar kanta: kukan altaneto da ke hawa da sauka tare da totur, da ƙas-ƙas ɗin filogi.

Ga yadda hira kan kasance. Direba ya bar rediyonsa a mitar kira, 145.500 a Turai da Afirka ko 146.520 a Amurka. Ya danna makirufo ya faɗi lambarsa harafi-harafi, Alfa, Birabo, Cali, ya ƙara da cewa yana kan hanya, ya saki. Wani ya amsa daga gida. Muryar na zuwa tana rawa, tana yankewa da sauri saboda siginar na karo da gine-gine da motoci. Sun yi minti uku, hanya ta gangara kwari, sai shuuu. Ba wanda ya ji haushi, haka abin yake. Wasu kuma na haɗa tsarin APRS da Bob Bruninga ya ƙirƙira, mai turo wurin da motar take lokaci-lokaci ba tare da direba ya taɓa komai ba.

Gardamar ita ce: in an hana riƙe waya ana tuƙi, me ya sa za a bar makirufo? Birtaniya ta hana riƙe waya a 2003 amma ta ware rediyon oba-oba, ko da yake har yanzu ana iya kama direba in aka ga ya kasa sarrafa motarsa. Masu kare wannan wariyar na cewa a rediyo mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, maganar gajera ce, kuma kana iya jefar da makirufo a tsakiyar jimla ba wanda zai ce ka yi rashin ladabi. Masu suka na cewa hankalin da ya rabu ya rabu, ko da me aka raba shi. Ni dai na fi jin tsoron abin da ke kewaye da maganar: laluben mita a ƙaramin allo, da ƙoƙarin rubuta lambar wanda aka yi magana da shi. Saƙon raga kuwa rubutu ne tsantsa, hukuncinsa ɗaya da tura tes ana tuƙi. A bar na'urar ta yi aikinta na miƙa saƙon wasu, karatu sai an faka.

Ranar bala'i: me talaka zai samu?

Masu goyon baya na da hujjoji na gaske. A watan Disamban 2004, igiyar tsunami ta tarar da wata tawagar masu rediyon sha'awa ta Indiya ƙarƙashin Bharathi Prasad a tsibiran Andaman, inda suka je neman hira da ƙasashe. Suka juya kayansu zuwa isar da saƙonnin agaji da na iyalai. A watan Satumban 2024, da guguwar Helene ta katse hanyoyi da layukan waya a yammacin jihar North Carolina, rifitar da ke kan Dutsen Mitchell ta zama hanyar da mutane ke neman labarin 'yan'uwansu.

Masu shakka na cewa zamani ya wuce nan. Tun 2022 wasu wayoyin iPhone ke iya tura saƙon gaggawa ta tauraron ɗan Adam, ga kuma Starlink mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, sai dai waɗannan ma na kamfani ne, kamfani kuma na iya rufewa ko a sa shi ya rufe, sannan ba kowa ke da irin wayar ba.

Abin lura a misalan biyu na sama shi ne, ba ranar aka sayi kayan ba. Mutanen sun san juna a iska, sun saba da wanda ke jagorantar zagayen kira, sun san yadda ake karɓar saƙo a maimaita shi ba a ƙara gishiri ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma raga ba ta kiran motar asibiti: saƙonka zai isa ne kawai ga wanda ke riƙe da irin na'urarka, kuma yana dubawa.

Inda ta fi amfani shi ne ƙaramin rukuni da suka riga suka shirya: masu hawan dutse, ayarin motoci, ma'aikatan babbar gona, masu tsara taro a filin da sabis ke cushewa. A nan na'urori biyar ko goma, da guda ɗaya a wuri mai tsawo, na yin abin a zo a gani.

Kafin a saya

Cewa mita ba ta buƙatar lasisi a wata ƙasa ba ya nufin haka take ko'ina. Kowace ƙasa na da hukumar da ke raba mitoci, kuma akwai ƙasashen da mallakar na'urar watsa sigina ba da izini ba ke kai mutum gaban alƙali. Oba-obar nan masu araha da suka cika kasuwannin intanet na iya watsawa a mitocin jami'an tsaro da na jiragen ruwa, kuma ba sa gargaɗin mai riƙe da su.

Na'urorin LoRa ma kala-kala ne. Ta Turai na aiki a megahaz 868, ta Amurka tsakanin 902 da 928, akwai kuma ta 433, kuma wadda aka saita a wannan ba ta jin wadda ke wancan. A ƙasashen da ke amfani da GSM 900, wayoyin hannu na magana da ƙarfen sabis ne tsakanin megahaz 890 da 915. Wanda ya yo odar na'ura ya bar ta a saitin Amurka a irin wannan ƙasa na iya zama yana watsawa a cikin mitar da kamfanin waya ya biya kuɗin lasisinta.